Wa Zai Gyara Famfon? Tarihin Sana'ar Ɗago Ruwa da Hasken Rana

A ƙauyuka da dama tsakanin Katsina da Maraɗi akwai wani gini da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa: tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu na ƙarfe, da allon da ke ɗauke da sunan wanda ya ba da kwangila, da firam ɗin da aka taɓa jera farantan sola a kai. Farantan sun tafi, ko kuma suna nan ƙura ta lulluɓe su. Can gefe mata da yara na jan guga a tsohuwar rijiya kamar ba a taɓa yin komai ba. A 'yan watannin nan matasa da yawa, ciki har da masu digirin injiniya, sun tambaye ni ko harkar sola sana'a ce da mutum zai jingina rayuwarsa da ita. Amsar da na fi amincewa da ita tana cikin tarihin wannan tanki, kuma tarihin ya girmi yadda yawancinmu ke zato.

A shekarar 1913, a Ma'adi da ke kudu da Alƙahira, wani Ba'amurke mai suna Frank Shuman ya jera manyan madubai biyar masu siffar kwatami, kowanne ya kai kimanin mita 60 a tsawo. Madubin na tattara zafin rana a kan bututun ruwa, ruwan ya zama tururi, tururin ya juya inji, injin ya ɗebo ruwan Kogin Nilu fiye da lita 20,000 a minti guda zuwa gonakin auduga. Lissafin Shuman mai sauƙi ne: gawayin kwal da ake kawowa Masar daga Ingila yana da tsada, rana kuwa kyauta ce. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, injiniyoyinsa suka watse, shi kansa ya rasu a 1918, sannan man fetur mai araha ya rufe maganar har tsawon shekaru kusan hamsin. Injin ya yi aiki. Farashin mai ne ya kayar da shi. Za mu sake haɗuwa da wannan ƙaddara.

Mutumin da ya fi cancanta a tsaya a kansa a wannan tarihi ɗan yankinmu ne. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1929. Ya bi hanyar da haziƙan yaran mulkin mallakar Faransa ke bi: makarantar William Ponty a Senegal, sannan Paris, inda a 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsanani ta zama malamin fiziks a manyan makarantun Faransa, abin da kafinsa babu ɗan Afirka baƙar fata da ya yi a wannan fanni. Ɗan gwagwarmaya ne tun yana ɗalibi, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa. Da Faransa ta janye malamanta daga Gini bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, yana cikin waɗanda suka tafi Konakiri koyarwa. A farkon shekarun 1960 ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan makamashin rana, daga nan ya sauka Bamako a 1964 ya kafa wa ƙasar Mali ɗakin binciken makamashin rana. A wannan shekarar ce kuma ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda har yau ake karantawa.

A 1969 ya koma gida ya karɓi ragamar ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, ya riƙe ta har 1985. Abin da ya bambanta shi da sauran masana shi ne bai tsaya ga rubuta takardu ba. A Yamai, shi da ma'aikatansa sun ƙera tukwanen dumama ruwa, da murhun girki, da na'urorin busar da amfanin gona da na tace ruwa, duk masu aiki da zafin rana, har suka haɗa kai da wani kamfanin Jamus mai suna Spilling wajen ƙera inji. Ra'ayinsa a fili yake: ƙasar da ke sayen kowane ƙusa daga waje ba za ta ce ta mallaki fasaha ba, ko da ranar tata ce. Yana son a horar da maƙera da masu walda da injiniyoyi a gida, a ƙera a gida, a gyara a gida.

A daidai wannan lokaci, a Dakar, wasu Faransawa biyu, Henri Masson da Jean-Pierre Girardier, suna aiki kan famfon da zafin rana ke turawa. Dabararsu ita ce a shimfiɗa faffaɗan faranti baƙi ya dumama ruwa, ruwan ya tafasa wani sinadari mai saurin zama tururi irin su butan, tururin ya tura fistan, sannan ruwan sanyin da aka ɗago daga rijiya ya sake mai da shi ruwa. Girardier ya kafa kamfanin SOFRETES a 1973, shekarar da fari ya kai maƙura a Sahel kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabi. An kafa irin waɗannan famfuna a Nijar da Muritaniya da Senegal, aka gina babbar tasha a garin Dire na Mali a ƙarshen shekarun 1970.

Yawancinsu ba su yi tsawon rai ba, kuma dalilin na injiniya ne zalla. Daga cikin zafin da ya sauka a kan farantin, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari ne kacal ke zama aiki, don haka sai an shimfiɗa faranti mai faɗin rufin ajin makaranta kafin a sami ƙarfin da ƙaramin injin ban-ruwa ke bayarwa. Ga nauyi, ga bawul da roba da mai da ke bukatar kulawa kullum. Idan sinadarin ya tsiyaye ta wata ƙaramar kafa, famfo ya tsaya ke nan sai an jira ƙwararre daga babban birni, wani lokaci daga Faransa.

Abokin hamayyar wannan fasaha ya fito ne daga wani wuri dabam. A 1954 masu bincike a Bell Labs na Amurka suka ƙera ƙwayar silikon da ke mai da haske lantarki kai tsaye, ba tururi ba fistan, tana cin kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya faɗo mata. Tsadarta ta sa taurarin ɗan'adam ne kawai ke iya amfani da ita, farawa da Vanguard 1 a 1958. Abin mamaki, ɗaya daga cikin wuraren farko da ta sauko ƙasa ta yi aikin yau da kullum shi ne Nijar, inda tun 1968 aka fara kunna talabijin na koyarwa a makarantun ƙauye da farantan sola, saboda batir mai ƙarewa ya fi su cin kuɗi.

Wanda ya haɗa wannan faranti da rijiya a Sahel ba injiniya ba ne. Bernard Verspieren limamin Katolika ne Bafaranshe da ya daɗe a Mali. Bayan farin shekarun 1970 ya kafa ƙungiyar Mali Aqua Viva a 1974 don haƙa rijiyoyin burtsatse a yankin San. Ya gwada injin dizal, mai ya riƙa yankewa. Ya gwada famfon tuƙa-tuƙa, ya riƙa karyewa. Da ya ji labarin wani famfo mai aiki da farantan sola da wata matashiyar injiniya, Dominique Campana, ta haɗa a tsibirin Kosika, sai ya je ya gani da idonsa, a 1977 kuma ya kafa na farko a Mali. A wannan shekara farashin ƙwayar sola ya haura dala 70 a kan kowane wat.

Ana yawan ba da labarin Verspieren a matsayin nasarar fasaha. A ganina nasarar tsari ce. Famfunansa na farko ma sun ba da wahala: motar tana sama, doguwar sandar ƙarfe na juya famfon a ƙasan rijiya, sandar na lanƙwashewa, farantan na farko kuma zafi da ƙura na lalata su. Sai da aka koma famfon da ake nutsarwa cikin ruwa tare da motarsa, wanda masu haƙar burtsatse a nan ke kira sumo, abin ya daidaita. Bambancinsa da sauran masu ba da agaji shi ne ya ƙi bayar da famfo kyauta. Dole ƙauye ya biya wani kaso, dole a tara kuɗin gyara, shi kuma ya ajiye tawagar makanikai 'yan Mali da mota da kayan canji. A nan ne, ba a ɗakin bincike ba, aka haifi sana'ar da matasanmu ke tambaya a kanta.

Shekarun 1980 ba su yi wa mafarkin Moumouni daɗi ba. Kuɗin yuraniyom da Nijar ta dogara da shi ya faɗi, farashin mai ya rushe a 1986, ƙasashen Turai suka rage sha'awa, SOFRETES ya rufe. Farantin silikon, wanda babu masana'antar Sahel da za ta iya ƙerawa, ya kayar da injin zafi wanda maƙerin Yamai zai iya taɓawa. Moumouni ya rasu a 1991, shekara guda bayan haka aka sa wa Jami'ar Yamai, wadda ya taɓa shugabanta, sunansa. A Najeriya an kafa cibiyoyin binciken makamashi a jami'o'in Sakkwato da Nsukka a farkon shekarun 1980, cibiyar Sakkwato ta yi gwaji a ƙauyuka irin su Kwalkwalawa, amma ƙasar da ke sayar da fetur kamar ruwa ba ta da dalilin gaggawa. Shirye-shiryen noman fadama na Bankin Duniya suka cika kwaruruka da ƙananan injunan fetur, jigo ya zama tarihi, sola ta koma abin nuni a ranar baje koli.

Gwaji mafi girma ya zo a shekarun 1990, lokacin da ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel tara, da kuɗin Tarayyar Turai, ta kafa famfunan sola sama da 600. An ɗauki darasin Verspieren: a sayar da ruwa, a buɗe asusu, a ƙulla yarjejeniyar gyara da kamfani. Inda kwamitin ruwa ya riƙe amana, famfo ya yi shekaru yana aiki. Inda kuɗin ya narke a hannun mutum biyu, ko ɓarayi suka kwance farantan da dare, sai tankin ya zama abin da na kwatanta a farko. Satar faranti ta zama babbar annoba a wancan lokaci, domin faranti ɗaya ya fi ƙarfin kuɗin shigar manomi na shekara.

Abin da ya sauya komai a ƙarni na 21 shi ne masana'antun Sin. Farantin da wat ɗinsa ya haura dala 70 a 1977, yau ana sayar da shi a kasuwar duniya ƙasa da santi 20. Sannan siyasa ta ƙarasa aikin: cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023 ya ninka kuɗin ban-ruwan mai noman rani, yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin wannan shekarar kuma ya tura mutanen Yamai kasuwar faranti da inbata. Lissafin Shuman na 1913 ya dawo, wannan karo a gonar albasa.

To ina sana'ar take? Sayar da faranti fatauci ne, kuma duk mai jari zai iya shiga, shi ya sa ribarsa ke raguwa kullum. Abin da ya yi ƙaranci tun zamanin Girardier shi ne mutumin da ya san rijiya kafin ya san faranti. Famfon sola ba ya bukatar batir, tanki ne ma'ajiyarsa: rana ta fito ya cika, dare ya yi a sha. Amma kafin a sayi komai sai an auna zurfin da ruwa ke tsayawa, da yadda yake sauka idan ana ja, da yawan litar da rijiyar ke iya bayarwa a awa, da tsayin tanki, da asarar da ake yi a cikin bututu. Famfon da ya fi ƙarfin rijiya zai zuƙe ta, ya ja iska da yashi, ya ƙone. Dole kuma a yi lissafi da hazon hunturu da ke rage haske, da zafin Afrilu, domin faranti na rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya haura 25 na ma'aunin Salshiyos. Na taɓa tsayawa a kan wata rijiya da aka kashe mata miliyoyi, ta yi wata huɗu a tsaye, alhali abin da ya lalace ɗan na'urar gane matakin ruwa ne da bai kai kuɗin buhun masara ba. Ɗan kwangilar ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma babu wanda ya san lambar da za a kira.

Akwai kuma wata tambaya da magabata ba su fuskanta ba, saboda famfunansu sun yi kaɗan. Mai injin fetur yana kashe injinsa da zarar gona ta ƙoshi, domin kowace awa kuɗi ce. Mai sola ba shi da wannan birki. A Yaman, inda yaƙi ya sa dizal ya gagara, manoma suka koma sola da yawa, masu bincike kuma suka ga ruwan ƙarƙashin ƙasa na ja da baya a wasu yankuna. Fadamun Haɗeja da na Rima da Gulbin Maraɗi suna samun ruwansu ne daga damina da ambaliyar kogi, kuma abin da ke shiga a shekara yana da iyaka. Kowane mako ana ƙara nutsa sababbin famfuna a cikinsu, mafi yawa ba tare da an rubuta zurfin ruwan a ranar da aka kafa su ba, balle a dawo bayan shekara a sake aunawa.