Tarihin Binciken Kumburi da Sankarar Hanta

Yawancin littattafai kan fara wannan tarihi da Rudolf Virchow, likitan Jamus da ya ga fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari a 1863, ya ce sankara kan tsiro ne a inda kumburi ya daɗe. Hasashe ne, kuma ya jima ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja. Su ma ƙwayoyin garkuwar hanta da ke ɗauke da sunan Kupffer, shi ya fara bayyana su a 1876, amma Tadeusz Browicz ne ya gane ainihinsu a 1898.

Shekarar da ta fi cancanta a riƙe ita ce 1981, lokacin da Palmer Beasley ya fitar da sakamakon bin diddigin maza 22,707 a Taiwan. Masu ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B sun fi sauran shiga haɗarin sankara sama da sau 200. Galibi ba ƙwayar ce ke kashe ƙwayoyin hanta ba, garkuwar jiki ce ke yi musu ɓarna wajen yaƙar ta. Hanta ta yi ta farfaɗowa, tana tabo, shekara da shekaru.

Daga baya saɓani ya taso kan furotin NF-κB, wanda ke isar da saƙon kumburi cikin ƙwaya. A 2004 ayarin Yinon Ben-Neriah a birnin Ƙudus ya toshe shi a ɓerayen da ke fama da kumburin hanta mai tsawo, sai ƙarin ya kasa girma. Shekara guda bayan nan, ɗakin binciken Michael Karin a San Diego ya cire IKKβ, mai kunna wannan furotin, daga ƙwayoyin hantar ɓerayen da aka ba sinadarin DEN mai haddasa sankara, sai sankara ta ƙaru! Wasu marubuta kan kawo ɗaya su bar ɗayan, alhali duka biyun sahihai ne. A gwajin Karin, ƙwayoyin da suka rasa kariya sun mutu da yawa, ƙwayoyin Kupffer suka saki sinadaran da ke ingiza ragowar su hayayyafa, har da masu lahani a cikinsu. Da aka cire IKKβ daga ƙwayoyin Kupffer ɗin su ma, sai sankarar ta ragu.

A 2007 ayarin Karin ya nuna cewa sinadarin IL-6 da ƙwayoyin Kupffer ke fitarwa ne ya sa ɓeraye maza suka fi kamuwa, domin sinadarin estrojin na mata yana danne shi. A mutane ma maza sun fi kamuwa, amma hujjar nan daga ɓeraye take.

Magungunan zaburar da garkuwar jiki sun biyo baya: Amurka ta amince da nivolumab domin sankarar hanta a 2017, sai haɗin atezolizumab da bevacizumab a 2020. A Afirka ta Yamma, inda nau'in B ke haɗuwa da gubar aflatoksin ta gyaɗa da masara masu fumfuna, babban aikin da aka yi shi ne gwajin rigakafin jarirai da aka fara a Gambiya a 1986.