Ƙananan Turame: Shaidar Abinci a Bakin Mutum da Dabba

A bakin baligi akwai haƙora 32, kuma takwas daga cikinsu suna zaune ne tsakanin fiƙa da manyan turame, biyu-biyu a kowane ɓangare na muƙamuƙi, sama da ƙasa. Su ne ƙananan turame. Hujjar wannan maƙala ita ce, a cikin haƙora duka, suna cikin waɗanda suka fi nuna irin abincin da halitta take rayuwa a kai.

Yaro ba ya da su. Haƙoransa na farko 20 ne, sai ya kai shekara 10 zuwa 12 turamen yarinta suke faɗuwa, ƙananan turame su maye gurbinsu. Aikinsu biyu ne: suna kama abinci kamar fiƙa, suna murƙushe shi kamar turmi. Wannan ya dace da mutum, mai cin tuwo da nama da gyaɗa.

A dabbobi masu shayarwa kuwa, siffarsu tana bin abinci sau da ƙafa. Kare yana da 16, kuma na huɗu a sama yakan gogi babban turmin farko na ƙasa su yanka nama kamar almakashi. Kyanwa, wadda nama ne kusan dukkan abincinta, goma kawai take da su, duk masu kaifi. Na kura kauri gare su, da su take fasa ƙashi. Na saniya da akuya sun faɗaɗa har sun yi kama da manyan turame, domin niƙa ciyawa.

Masana burbushin halittu ma sun dogara da su. A bakin gwaggon biri, ƙaramin turmin farko na ƙasa shi ke wasa fiƙar sama. Mutum ba shi da wannan tsari, haka nan tsohuwar halittar da ake kira Ardipithecus na Habasha, mai shekara miliyan 4.4, kuma rashin tsarin yana cikin dalilan da suka sa masanan suka sanya shi a dangin mutum.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki ƙaramin turmi a matsayin rara. Gaskiya likitoci kan cire shi don gyara cunkoson haƙora, amma bayan awo da nazari. Wanda ya bari nasa ya ruɓe har aka cire, maƙwabtansa za su karkata cikin giɓin, tauna ta raunana. Ya kamata a riƙa yin ciko da wuri kafin a kai ga cirewa.