Barbarar Dabino da Asalin Namiji da Mace

Barbarar dabino da hannu tana cikin tsofaffin al'adun noma a duniya. Dabino jinsi biyu ne, namiji mai ba da garin fure da mace mai 'ya'ya. Manomi kan hau namijin ya yanko furensa, ya cusa sili biyu ko uku cikin furen macen, ya ɗaure. Namiji ɗaya yakan wadaci mata kusan 50.

Dokokin Hammurabi, sarkin Babila, na wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ɗora biyan diyya a kan mai kula da lambun da ya yi sakaci da barbara har amfani ya ragu. Mutanen Madina ma sun san aikin, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Amma sai a 1694 Bajamushe Rudolf Camerarius ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa tsirrai na da namiji da mace.

Manomi ya fi son dasa tohon da ya fito daga gindin uwa, domin shi ne uwar sak. Idan ya shuka ƙwallo, kusan rabi maza za su fito, sauran kuma kowace da irin 'ya'yanta. Wannan ya kai mu ga tambayar masana halittu: mene ne amfanin namiji, tunda ƙwayar bakteriya rabewa biyu kawai take yi ta hayayyafa? Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne haihuwa ta namiji da mace ta faro daga halittu masu ƙwaya ɗaya, inda biyu masu girma ɗaya ke haɗewa su cuɗa abin gadonsu. Daga baya aka bambanta: wani ɓangare, wato namiji, na samar da ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, wani kuma, wato mace, manya masu guzurin abinci. Burbushin wani jan gansakuka da aka tono a arewacin Kanada ya nuna irin wannan haihuwa ta kai shekara biliyan ɗaya.

Ribar cuɗanyar kuwa, gonar dabino ta nuna ta da tsada. Tun ƙarshen ƙarni na 19 cutar bayud ta kashe itatuwa fiye da miliyan 10 a Maroko, kuma ta fi yi wa irin Majhul ɓarna, wanda daga toho aka riƙa yaɗa shi. Da masana suka shiga neman iri mai jure cutar, cikin dabinon da ya tsiro daga ƙwallo suka samo da yawa.