Tarihin Rawar Bale Daga Bakin Tufafinta

A ɗakin adana kayan tarihi na gidan wasan Opera da ke birnin Faris, ana ajiye da ragowar wata rigar rawa da wuta ta cinye, 'yan tsummokara kawai suka saura. Mai rigar sunanta Emma Livry. Ranar 15 ga Nuwamban 1862, tana shirin shiga fage a wani gwajin wasa, sai gefen siket ɗinta ya taɓa harshen wata fitilar gas. Kafin a kashe wutar ta riga ta yi mata mummunar illa. Ta yi jinyar wata takwas, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20, a lokacin da Faransawa ke ganin ita ce za ta gaji manyan gwanayen rawar bale na ƙasarsu.

Duk wanda ya taɓa kallon bale, ko da a waya ne, abin da yakan fara ɗaukar hankalinsa shi ne rashin nauyi. Mace ta tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa kamar iska ce ke riƙe da ita, namiji ya yi tsalle ya dira ba a ji motsinsa ba. An shafe fiye da shekara 400 ana ƙera wannan rashin nauyi, kuma hanya mafi sauƙi ta bin sawunsa ita ce a dubi abin da masu rawar ke sawa. Duk lokacin da aka rage wa tufafin tsawo ko nauyi, aikin da ake nema daga jikin mai rawa ƙaruwa yake yi.

Rawar fada

Bale ta samo asali ne daga fadojin Italiya na ƙarni na 15, kuma sunanta ma daga kalmar Italiyanci ce mai nufin rawa. Ta ƙetara Faransa ta hannun Catherine de' Medici, 'yar Italiya da ta auri sarkin Faransa. A 1581 aka shirya wani gagarumin biki a fadar Faris, mai suna Ballet Comique de la Reine, wanda ya haɗa rawa da waƙa da labari, aka kwashe sama da awa biyar ana yi. Masu rawar 'ya'yan sarauta ne da fadawa. Kayan jikinsu kuwa kayan fada ne: riguna masu nauyi da ke jan ƙasa, hular gashi, takalma masu tudu, da abin rufe fuska. Da irin wannan shiga ba a tsalle. Abin da ake kallo shi ne taku da tsari, wato wa ke gaban wa, wa ke kusa da sarki.

Ga mai karatun da ya saba da sarki mai rufe baki da amawali, wanda ko murya ba ya ɗagawa, zai zama abin mamaki a ce babban uban wannan rawa sarki ne da ya taka ta da kansa a bainar jama'a. A 1653 Louis na 14, yana ɗan shekara 14, ya fito a ƙarshen wani wasa da aka kwana ana yi, sanye da kayan zinariya a matsayin rana mai fitowa. Faransa ba ta daɗe da fita daga tawayen manyan hakimanta ba, don haka saƙon a fili yake: kowa zai kewaya wannan yaro kamar yadda taurari ke kewaya rana. A 1661 ya kafa cibiyar koyar da rawa ta masarauta. Malaminsa, Pierre Beauchamp, shi ake danganta wa tsayuwar ƙafa guda biyar da har yau kowane ɗalibin bale ke farawa da su, kuma dalilin da ya sa har gobe da Faransanci ake kiran sunayen taku a Mosko da Tokyo da Havana ke nan.

Da sarki ya daina rawa a wajajen 1670, fadawa ma suka ja baya, sana'ar ta koma hannun waɗanda da ita suke ci. Ta kuma tashi daga tsakiyar zaure, inda ake kallonta ta kowane gefe, ta hau dandamali, inda 'yan kallo ke fuskantarta daga gaba. A nan ne buɗe ƙafafu waje tun daga ƙugu ya zama ginshiƙi, domin yana ba mai rawa damar tafiya gefe ba tare da ya juya wa jama'a baya ba. A 1681 wata mai suna Lafontaine ta zama mace ta farko da ta yi fice a matsayin ƙwararriyar mai rawa a gidan Opera na Faris. Kafin nan maza ne ke fitowa a matsayin mata a wannan dandamali.

Taƙi guda na yadi

Matsalar matan ita ce, duk gwanintar da ƙafarsu za ta yi, siket ya rufe. Marie Camargo, wadda ta fara rawa a Faris a 1726, ta iya wani tsalle da ake kaɗa ƙafafu a haɗa su a sama kafin a dira, wanda a da na maza ne. Don a ga abin da take yi, sai ta rage tsawon siket ɗinta har idon sawu ya bayyana. Ragin bai taka kara ya karya ba, amma ya jawo surutu, ya kuma buɗe ƙofa. Abokiyar gasarta, Marie Sallé, ta ɗauki wata hanyar: a 1734 a Landan ta fito a wasan Pygmalion da sassauƙar riga mai shara-shara, gashinta a sake, domin a ganinta kayan ya kamata su dace da labarin da ake bayarwa. A 1760 Jean-Georges Noverre ya wallafa wasiƙunsa kan rawa, inda ya nemi a jefar da abin rufe fuska, a bar fuskar ɗan'adam ta yi magana. Cikin 'yan shekaru aka bi shawararsa. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, takalmi mai tudu ya kau, mai shimfiɗaɗɗen tafi ya maye gurbinsa, tsalle ya ƙara nisa.

Siffar da duniya ta fi sanin bale da ita an haife ta ne ranar 12 ga Maris 1832, daren da Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide a matsayin wata aljanar iska da wani saurayi ya bar amaryarsa dominta. Ta sa farin siket mai falle-falle da ya tsaya a ƙwauri, ta riƙa hawa kan 'yan yatsunta kamar mai shirin tashi sama. Wasu sun yi wannan tsayuwa kafin ita a matsayin abin burgewa, amma ita ce ta mayar da ita hanyar ba da labari. Takalminta laushi gare shi, ɗinkin zare kawai aka ƙara masa a baki, saboda haka ƙarfin ƙafarta ne ke ɗauke da ita. Mahaifinta, Filippo, wanda ya tsara wasan, ya horar da ita awa shida a kullum tun tana budurwa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Abin da ya cika wannan sihiri shi ne fitilar gas, wadda aka fara amfani da ita a gidan Opera a 1822. Ana iya rage haskenta a ƙara, har dandamali ya yi kama da daren farin wata, farin yadin ya riƙa ɗaukar ido. Sai dai harshen wuta ne a buɗe, a jere a bakin dandamali da gefensa, ga kuma yadi mai kamawa kamar audugar rimi. A 1844 wata 'yar Ingila, Clara Webster, ta ƙone a gaban 'yan kallo a Landan, ta mutu bayan 'yan kwanaki. A 1859 hukuma a Faransa ta ba da umarnin a riƙa jiƙa kayan wasa da wani sinadari mai hana kama wuta. Sinadarin yana aiki, amma yana sa yadi ya sandare, farinsa ya dushe. Emma Livry, wadda Taglioni da kanta ta horar, ta ƙi sa irin wannan siket, har ta rubuta takarda cewa ta ɗauki alhakin duk abin da ya same ta.

Yana da sauƙi a kira wannan ganganci. Amma a dubi matsayinta. Abin da jama'a ke biyan kuɗi su gani shi ne mace marar nauyi, kuma siket mai tauri zai rushe abin da ta yi shekaru tana ginawa. Yawancin 'yan matan gidan Opera na wannan zamani ma ba su da irin zaɓinta. 'Ya'yan talakawa ne da ake kai su tun suna ƙanana, ana yi musu laƙabi da ƙananan ɓeraye, kuma attajiran da ke da kujerun dindindin suna da izinin shiga bayan fage su zaɓi wadda za su ɗauki nauyinta, da duk abin da wannan ke nufi. Wanda ya lura da zane-zanen Edgar Degas zai ga mazan nan da baƙaƙen kwat, suna tsaye a gefe.

Rasha da takalmi mai ƙoƙo

Yayin da bale ke dusashewa a Faris, sai ta sami sabon gida a St. Petersburg, inda aka kafa makarantarta tun 1738 kuma baitulmalin sarki ke ɗaukar nauyinta. Wani Bafaranshe, Marius Petipa, ya isa can a 1847, ya yi kusan shekara 60 yana aiki. A hannunsa, da kiɗan Tchaikovsky, aka sami The Sleeping Beauty a 1890, sannan a 1895 shi da Lev Ivanov suka sake tsara Swan Lake, wanda fitowarsa ta farko a Mosko a 1877 ba ta yi wani armashi ba.

A wannan lokaci masu ɗinkin takalma na Italiya sun riga sun ƙirƙiro takalmi mai ƙoƙo a gaba. Mutane da yawa suna zaton katako ne a ciki, alhali yadi ne da takarda da gam, falle bisa falle, aka busar har suka yi tauri. Da shi 'yan rawar Milan suka zo Rasha suka ba kowa mamaki. Pierina Legnani, wadda ta ja ragamar Swan Lake na 1895, ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar tana tsarga iska kamar bulala tana ba ta ƙarfin juyawa. Sirrin hana jiri shi ne a kafe ido a wuri guda, kai ya zama na ƙarshen barin wurin kuma na farkon dawowa. Don a ga wannan aiki, siket ya sake gajarta har ya zama faifai mai tauri da ke tsaye a ƙugu, wanda ake ɗinkawa da falle goma ko fiye na yadi mai raga. Turawa suna kiransa tutu, sunan da Bahaushe zai so a sauya masa. Daga nan ƙafa gaba ɗayanta ta fito fili, kuma ko ɗan karkacewar gwiwa ba ya ɓuya.

A 1909 Sergei Diaghilev ya kawo gwanayen Rasha Faris, ya kafa ƙungiyar Ballets Russes, ya mayar da kayan rawa aikin manyan masu zane. Launukan da Léon Bakst ya zuba a Schéhérazade a 1910 sun sauya yayin ɗinki a birnin. Picasso ya yi musu kaya a 1917, Coco Chanel a 1924. Ranar 29 ga Mayun 1913 kuwa, a wasan The Rite of Spring, Vaslav Nijinsky ya sa masu rawa cikin manyan riguna irin na ƙauye, suka juya ƙafafu ciki suna dukan ƙasa bisa kiɗan Stravinsky. Hayaniyar 'yan kallo ta kai har masu rawar ba sa jin kiɗan sosai. An taɓa musu abin da suka ɗauka shi ne bale: tashi sama.

Launin wa?

George Balanchine, wanda ya taso a makarantar St. Petersburg ya ƙare a New York, shi ya kai ragin ƙarshensa. A wasanni irin su Agon na 1957 ya fitar da masu rawa da kayan atisaye kawai, baƙi da fari, masu kama jiki, babu ado babu labari. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A wannan wasa ne ya haɗa Arthur Mitchell, baƙar fata, da Diana Adams, farar fata, su yi rawa tare, a Amurkar da wariyar launi ke da ƙarfin doka a jihohinta na kudu.

Da jiki ya rage shi kaɗai a dandamali, sai wata tambaya ta taso. An saba yin safa da takalmin bale da launin hoda mai haske, domin ƙafa ta zama layi ɗaya da sauran jiki tun daga ƙugu har yatsa. Wannan lissafi ya yi daidai ne kawai idan mai rawar farar fata ce. Bayan kisan Martin Luther King a 1968, Mitchell ya koma unguwarsu, ya kafa Dance Theatre of Harlem a 1969 tare da Karel Shook, kuma a shekarun 1970 ƙungiyar ta fara sa safa da takalma masu launin fatar kowane ɗan rawa. A sauran wurare, baƙaƙen mata sun ci gaba da shafe takalmansu da hodar kwalliya da hannunsu, ƙafa bayan ƙafa. Sai a 2015 Misty Copeland ta zama baƙar mace ta farko da ta kai matsayi mafi girma a American Ballet Theatre, shekara 75 bayan kafa shi. Sai a 2018 kamfanin Freed na Landan, ɗaya daga cikin manyan masu ɗinka takalman, ya fara sayar da masu launin ƙasa-ƙasa, da haɗin gwiwar ƙungiyar Ballet Black.

Yau fitilar lantarki ta kawar da haɗarin da ya ci Emma Livry, amma farashin rashin nauyi bai sauka ba. Yarinya takan yi shekaru tana horo kafin a yarda ta hau kan yatsu, yawanci a wajajen shekara 11 ko 12, kuma akasarin ƙwararru suna ajiye sana'ar kafin su kai 40. Idan mai karatu ya sake cin karo da juyin nan 32, ya ɗan kawar da ido daga siket ɗin, ya dubi ƙafar da ke ƙasa, yadda take sauka ta sake hawa a kowane juyi, a kan wurin da bai fi faɗin kwabo ba. Takalmin da ke wannan aiki sau da yawa ba ya wuce wasa ɗaya ko biyu kafin ya yi laushi. Gobe da safe, kafin atisaye, mai shi za ta zauna da allura da zare ta ɗinka wa sabo igiyoyinsa da kanta.