Daga Alharini Zuwa Tsumma: Tarihin Saƙar Gado a Tudun Jukun, Zariya

Gabatarwa

Tudun Jukun unguwa ce da ke wajen ganuwar birnin Zazzau, maƙwabciyar Tudun Wada. Masu ba da tarihin baka suna danganta sunanta da Jukunawan Kwararrafa, waɗanda suka sha kawo yaƙi ƙasar Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa saƙa shimfiɗu da guntayen ƙyalle, wadda wasu ke ɗauka aikin talauci ne, reshe ne na tsohuwar sana'ar saƙa ta ƙasar Zazzau.

Yadda Sana'ar Take a Gida

A da, saƙa aiki ne na gida ɗungurungum. Maza su nome auduga, mata su gurje ta da magurji, su shiɓe ta, sa'an nan su kaɗa zare da mazari, siriri don wadari, abawa kuwa don bugu. Namiji yakan zauna a masaƙa da ƙoshiya da allira da masefi, yana fid da ƙwarya siririya wadda ake haɗawa a yi riga. Mace kuma tana da tata masaƙar a tsaye cikin gida, inda take saƙa gwado mai faɗi. Ɗa yakan koya wurin ubansa, 'ya wurin uwarta, shi ya sa Hausawa ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin lura shi ne, alharinin nan ja da ake saƙa barage da shi, wanda sarakuna ke taƙama da shi, ragowar siliki ne na masana'antun Turai. Fatake ne ke ƙetaro hamada da shi ta hanyar Tarabulus da Gadamas, a nan ne kuma ake kaɗa shi. Watau ke nan, mai da rarar wani ta zama abin ado ba baƙon abu ba ne ga masaƙin Hausa.

Zuwan Turawa

A 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila, watau BCGA, domin a samo wa masaƙun Lankasha auduga. Da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, sai ƙungiyar ta kafa injin gurza a Zariya, aka kuma shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen. Amma a shekarun farko Turawa ba su sami yadda suke so ba, domin masaƙan gida sun fi su sayen auduga da tsada.

Sannu a hankali al'amari ya juya. Akoko da atamfa suka cika kasuwa, masaƙar zamani ta Kaduna ta fara aiki a 1957, zaren inji ya kori mazari daga ɗakunan mata. Ita ma masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, yadin Sin da gwanjo suka mamaye ko'ina.

Komawa ga Tsumma

Keken ɗinki da ya yawaita ya haifar da abin da babu shi a da, watau tarin guntayen yadi a shagunan teloli. Su ne mata ke tarawa, su yayyanka su siri-siri, su jera launi bisa launi, su saƙa ko su kitsa su zama shimfiɗa da abin goge ƙafa. Kayan aiki ne suka sāke. Ido mai zaɓen launi da hannu mai daidaita bugu na kakanni ne.

Kammalawa

Hatsarin da ke gabanmu ya shafi harshe ma. Yaran yau kaɗan ne suka san ma'anar allira ko abawa, kuma duk tsohuwar da ta rasu takan tafi da kalmomin da ba a rubuta ba. Ya kamata ɗaliban Hausa su shiga gidajen masaƙa, a Tudun Jukun da cikin birni, su taskace sunayen kayan aiki da na zane tun da sauran masu faɗa.