Katin Halarta

Ranar da na miƙa littattafan kulob ɗinmu na Rotary ga sabon sakatare, wani yaro daga cikin matasanmu na Rotaract ya tsinci ɗaurin katuna a ƙasan akwatin, an ɗaure su da roba har ta narke ta manne musu. Ya ɗago ɗaya ya ce, "Baba, wannan rasit ɗin mene ne?" Shekararsa uku tare da mu, bai taɓa ganin katin halarta ba. Na karɓa na duba. Na Jos ne, 1987, da sa hannun sakataren can.

A zamaninmu taro kowane mako ne, ba fashi. Dole mutum ya halarci kashi 60 cikin 100, kuma in ya tsallake taro huɗu a jere babu uzuri, ya fitar da kansa. In tafiya ta kama ka, sai ka nemi kulob ɗin garin da ka sauka, ka zauna da su, su ba ka kati ka kawo gida. Na tuna wannan na Jos sarai. Na gama harkar da ta kai ni da la'asar, ruwa na zuba, na yi ta yawo a tasi ina tambayar otal ɗin da suke zama. Na shiga a jiƙe, shugaba ya riga ya buga ƙararrawa. Suka ci ni tarar makara, suka ba ni abinci, suka ba ni kati. A teburin nan na haɗu da likitan ido da daga baya ya zo mana aikin yanar ido kyauta har sau uku.

Wanda ya koya mini wannan ƙa'ida ta halarta tsohon mai harhaɗa magunguna ne, mukan ce masa Baba Sakatare, Allah ya jiƙansa. Shi ya kawo ni, domin a da ba ka neman shiga, gayyato ka ake yi, kuma kowace sana'a da gurbinta. Ba ya karɓar uzuri da baki. Amma abin da na fi riƙewa nasa shi ne wani littafi mai baƙin bango da yake kira littafin komawa. Duk aikin da muka yi, famfo ne ko bencin makaranta, zai rubuta ranar da za a koma a duba, bayan wata shida, da sunan mutum biyu da za su je. Ni da shi muka koma wani ƙauye inda muka kafa famfon tuƙa-tuƙa. Muka tarar an ɗaure hannunsa da igiya, mata sun koma kududdufi. Robar ciki ce ta cinye, abin da kuɗinsa bai kai na abincin taronmu ɗaya ba. Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna a tabarmar mai unguwa har aka fitar da saurayi ɗaya da za a koya wa gyara, aka kuma amince kowane gida zai riƙa ba da ɗan abu a wata. Daga ranar ba mu ƙara kafa famfo ba sai an nuna mana wanda zai riƙe sifana.

Mutane kan ɗauka Rotary ta masu kuɗi ce masu cin abinci a otal, wasu ma har ƙungiyar asiri suka kira mu a gaban idonmu. Na sha wannan a cikin dangina. Nakan ce musu aikin farko da kulob ɗin Chicago ya yi, bayan Paul Harris ya kafa shi a 1905, ban-ɗakin jama'a ne. Kuma a Najeriya, Kano ce ta fara samun kulob, a 1961. Gayya ce kawai da aka yi wa rajista da ranar zama.

Shan-inna ce ta gwada mu. Rotary ta ɗauki alkawarin kawar da ita a 1985, kuma a 1988, lokacin da duniya ta haɗu a kan yaƙin, cutar tana gurgunta yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Sai ga 2003. A shekarar da Jonathan Majiyagbe, lauya ɗan kulob ɗin Kano, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, a shekarar aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa. Ban taɓa raina masu tsoron ba. Wanda ya ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin sanƙarau na 1996 yana da dalilin yin tambaya. Amma kafin a dawo da aikin a Yulin 2004, ƙwayar ta tsallaka iyaka, daga baya ta kai har Yaman da Indunusiya.

Abin da ya taimake mu a lokacin shi ne fuskokinmu sanannu ne. Mai unguwar da ya gan ka ka dawo duba famfo sau uku zai buɗe maka zaure ya saurare ka. Wani magidanci ya tsare ni a ƙofarsa ya ce, "Alhaji, ka ɗiga wa naka?" Washegari na zo da autata a mota, aka buɗe akwatin ƙanƙara, aka ɗiga mata biyu a gabansa, aka shafa mata tawada a ƙaramin yatsa. Ya shiga ya fito da yara biyar.

Sai dai in faɗi gaskiya, nauyin ba mu muka ɗauka ba. Matan nan ne masu shiga gida-gida da alli suna yi wa bango alama, cikin rana, a kan ɗan alawus. Tara daga cikin masu wannan aiki aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. Mu kuwa ƙungiyarmu sai 1989 ta buɗe wa mata ƙofa a duniya baki ɗaya, kuma na ji kunyar wannan jinkirin. Ranar 25 ga Agustan 2020, da aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, su na fara tunawa, sai Baba Sakatare, wanda bai kai ganin ranar ba.

A 2016 aka sassauta dokar halarta, kowane kulob ya tsara zamansa yadda ya ga dama. Na san dalili: matasa ba su da lokaci, hanya ba lafiya. Amma abin da nake gani yanzu yana damuna. A sayi buhun shinkafa goma, a buga kyalle mai faɗi, a jera marayu a gaba a ɗauki hoto, kafin magariba ya hau Facebook, shi ke nan ba wanda zai sake taka gidan. Maraya ba kayan ado ba ne. Baba Sakatare ba ya barin a ɗauki hoton wanda aka bai wa sadaka.

Na bar wa yaron katunan, na haɗa masa da littafin komawa. Akwai famfuna huɗu a ciki da ba a duba ba tun kafin korona. 'Ya'yana, ku fitar da mutum biyu a taronku na wannan makon, ku sa musu rana, su je su gani ko suna ba da ruwa.