Back to the Future: Wasan kwamfutar da ya maye gurbin fim na huɗu

Back to the Future: The Game wasan kwamfuta ne mai ɗauke da labari, wanda kamfanin Telltale Games na jihar Kalifoniya a Amurka ya fitar kashi biyar, daga Disambar 2010 zuwa Yunin 2011, bisa lasisin kamfanin fina-finai na Universal. An gina shi a kan fina-finan nan uku na darakta Robert Zemeckis da suka fito a 1985 da 1989 da 1990. Su ne masu labarin saurayi Marty McFly da amininsa dattijon masanin kimiyya Emmett Brown, wanda ake kira Doc, da motarsu ƙirar DeLorean mai tsallakawa zuwa wani zamani da zarar gudunta ya kai mil 88 a awa.

Darajar wasan ta samo asali ne daga wani alwashi. Zemeckis da Bob Gale, waɗanda suka rubuta fina-finan tare, sun sha nanata cewa ba za a yi na huɗu ba. Amma Gale ya amince ya zama mai ba Telltale shawara kan labarin wasan, shi ya sa masoya da dama ke ɗaukarsa a matsayin ci gaban da silima ta hana su.

Labarin ya fara ne a 1986 a garin Hill Valley, wata shida bayan ƙarshen fim na uku. Doc ya ɓace, banki kuma na shirin yin gwanjon kayan gidansa. Kwatsam sai ga motar ta bayyana babu kowa a ciki sai karensa Einstein da wani saƙon murya na neman ɗauki. Marty ya bi sawu har zuwa 1931, zamanin da dokar Amurka ta haramta sayar da giya, haramcin da ya ɗore daga 1920 zuwa 1933 kuma ya azurta 'yan daba masu mashaya a ɓoye. Can ya tarar da Doc a kurkuku bisa zargin ƙona irin wannan mashaya ta Kid Tannen, mahaifin Biff, abokin gabar gidan McFly a fina-finan.

Domin fito da shi, dole Marty ya nemi taimakon Emmett ɗin kansa yana ɗan shekara 17, lokacin da mahaifinsa alƙali ke matsa masa ya bi hanyar shari'a ya rabu da kimiyya. A nan marubutan suka fi nuna gwaninta. Shisshigin Marty ya sa matashin ya faɗa soyayyar wata 'yar jarida mai tsananin ra'ayin gyaran tarbiyya, Edna Strickland. Da Marty ya koma 1986 a kashi na uku, mai suna Citizen Brown, sai ya iske garin ya zama tamkar gidan yari mai tsafta: kyamarori a ko'ina, tara kan ƙaramin laifi, Doc na mulki, matarsa Edna na juya shi ta bayan fage. Abin da ya rage wa Marty shi ne ya raba wannan soyayya tun daga tushe, alhali sabon Doc ɗin na tausayin makomar Edna, yana kuma tambayar hujjar da ta sa za a shafe rayuwarsa don a dawo da wata. Fina-finan ba su taɓa tsayawa a kan wannan tambaya haka ba.

Yadda ake wasan ba shi da wuya. Mai wasa na tafiyar da Marty, yana zaɓar abin da zai faɗa wa mutane, yana tsintar kayayyaki yana amfani da su inda suka dace. Masu sharhi sun yaba labarin da muryoyin, suka kuma koka cewa matsalolin da ake warwarewa sun yi sauƙi da yawa, kuka mai gaskiya a cikinsa.

Christopher Lloyd ne ya sake yin muryar Doc. Ta Marty kuwa wani matashi A.J. LoCascio ya yi, kwaikwayon da ya yi wa Michael J. Fox kuma ya kai ga mai sauraro zai iya kasa bambancewa. Fox da kansa, wanda ke fama da cutar Parkinson tun 1991, ya shigo a kashi na ƙarshe a matsayin William McFly, kakan kakanni a gidan, da kuma Marty na zamani mai zuwa. Claudia Wells, wadda ta fito a Jennifer a fim na farko, ta dawo ita ma. A 2015, albarkacin cikar fim ɗin shekara 30, aka sake fitar da wasan a PlayStation 4 da Xbox One da Xbox 360, inda Tom Wilson ya karɓi muryar Biff.

A Satumbar 2018 Telltale ya durƙushe, ya sallami kusan dukkan ma'aikatansa a rana ɗaya. Da yake haƙƙin labarin na Universal ne, aro kawai Telltale ya yi, ba a jima ba aka cire wasan daga shagunan intanet irin su Steam. Waɗanda suka riga suka saya sun ci gaba da riƙe nasu, sabon mai nema kuwa ya koma farautar faifan hannu na Wii ko PlayStation ko Xbox a wurin 'yan gwanjo. Kamfanin IDW ya mayar da labarin littafin zane mai suna Citizen Brown a 2016.